Rubutun Arlene a Taswirar Gona

Virgil Dreiling ya rasu ana saura sati uku a fara shukar alkama. Abokina ne tun muna firamare, kuma har yau idan na ji ƙarar tsohuwar akori-kura irin tasa sai na ɗaga kai.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana noman alkama da dawa a gundumarmu, a yammacin Kansas. Kuɗin tallafin da gwamnati ke biya idan farashi ya faɗi ko amfanin gona ya gaza, Virgil yana karɓa, amma ba ya son a gan shi. Can bayan ofishin noma yake ajiye motarsa, kusa da kwandon shara. Mu ma duk can muke ajiyewa, har bayan ya fi gaban cunkoso.

"Ni fa ba sadaka na zo karɓa ba," haka yakan ce wa Twila, ma'aikaciyar da ke bayan kanta.

"Na sani, Baba Virgil. Gaisuwa ka zo, kamar bara. Sa hannu nan."

Duk shekara ofis yakan ba manomi taswirar gonarsa, ya rubuta abin da ya shuka a kowane fili da ranar shuka. Virgil bai taɓa makara da tasa ba. Takardun kuwa duk sunansa ne shi kaɗai, don haka ya tarar mahaifinsa yana yi. Matarsa Arlene ce ke jan babbar motar hatsi zuwa rumbu, amma a takarda ba manomiya ba ce.

Da likita ya gaya masa ciwon daji ne, sai ya fita ya shiga mota. Nan ya ƙirga watanni da yatsu. Tallafin fārin bara ba zai fito ba sai Oktoba, shi kuwa ya san ba zai kai Oktoba ba. In ba kuɗin nan, babu iri, babu man tarakta, sai Arlene ta bar gonar ta koma wurin 'yarsu a birni. Ta sha faɗa cewa can mutuwa za ta yi a tsaye.

Washegari ya ajiye mota a gaban ofis, a bainar jama'a, Arlene na riƙe da hannunsa.

"Twila, ki sa min sunan tsohuwar nan a takardun gonar."

"Wace tsohuwa? Shekara shida ka ba ni, rigimamme," in ji Arlene.

Twila ta yi dariya, sannan ta ce kwamitin ofishin zai nemi shaidar cewa da ita ake tafiyar da gonar. Virgil ya girgiza kai.

"Ba ni da komai, 'yata. Ko rasidin taki sunana ne. Ni na jawo mata."

Twila ta shiga ciki, ta fito da kwali cike da tsofaffin taswirori, ta baje su a kan kanta.

"Baba Virgil, rubutunka kamar kaza ta yi tono. Wannan mai kyau fa, na wane ne?"

Kunnuwan Virgil suka yi ja.

"A teburin kicin nake cike masa," in ji Arlene. "Shi nasa ya sa hula ya kawo."

"Ashe kin sani," ya ce wa Twila a hankali.

"Har mai shara ya sani."

Virgil ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon rubutun matarsa, shekara bayan shekara, alkama nan, dawa can. Ya miƙa mata biro.

Kuɗin ya fito a Oktoba, Arlene ta karɓa da sunanta. A makon nan ta hau tarakta da hular Virgil a ka, ta yi mata yawa har ta rufe mata kunne. Jiya na bi ta wajen gonar. Alkamar ta tsiro, layi a miƙe, ya fi nasa miƙewa. Sai da na tsayar da mota na share idona.