Tasoshin da Na Wanke

Tasoshi bakwai kakata ta wajen uwa ta bar mini, na tagulla, irin waɗanda ake bugawa da guduma a Bida, da zane a jikinsu kamar sawun kaza a kan yashi. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko akuya ba. Ranar da za a kawo ni ɗakin miji a Bukan Sidi, mahaifiyata ta zuba su a buhun shinkafa, ta ɗaure bakin buhun, ta ce, "Waɗannan ba na cin tuwo ba ne. Dukiya ce. Ranar da kika rasa madafa, ki tuna suna nan." Na tura buhun ƙarƙashin gado. Shekara biyar ban kwance shi ba.

Amma ina tuna shi kullum, saboda 'yata. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta da baki, a takarda ma ba zan fara ba. Tana da wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta kuka, ko zani ya taɓa ta sai ta ƙanƙame. A asibiti aka ce sikila ce. Tun daga ranar ban sake ganin hadari na yi murna ba. Mutane na cewa alhamdulillahi ruwa ya zo, ni kuwa ina neman rigar sanyi da safa. Karon farko da aka ƙara mata jini, keken ɗinkina ne ya tafi. Karo na biyu, 'yan kunnena na aure. Daga nan babu abin da ya rage a ɗakin nan da za a iya ɗauka a kai kasuwa sai buhun ƙarƙashin gado.

Shi ma buhun tsoro yake ba ni. Na ga abin da ya sami gwaggona. A zamaninsu kwanukan langa mata ke tarawa. Duk abin da ta samu a sana'ar ƙuli-ƙuli can take zubawa, saiti kan saiti, har kabad ta cika ta kai rufi, mata na zuwa kallo. Cewa take ko gobe ta so, za ta mayar da su saniya. Da ta tsufa ido ya fara ba ta wahala, aka fito da su za a sayar, dillaliya ta ɗaga ɗaya ta ce yayinsu ya wuce. Yau kajinta ne ke shan ruwa a ciki. Aji huɗu na tsaya a makaranta, amma wannan na gane shi: abin da ka ajiye ba ya zama dukiya sai ranar da wani ya so shi. To wa zai so nawa?

Maigidana lebura ne wajen magina, lokacin suna aikin wani gida a Azuba. Wata rana ya dawo ko ƙafa bai wanke ba ya ce, "Ke, ina tasoshin nan na tsohuwa?" Ashe mai gidan da suke ginawa sana'arsa ke nan, sayen kayan da. Ya ga bayan motarsa cike da tsofaffin akusa, da takobi mai tsatsa, har da wani turmi da ya tsage. Wai Abuja yake kai su, masu otal da Turawa suna saya su jera a falo.

"Turmin da ya tsage?" na ce.

"Wallahi da idona na gani. Har rufe shi ya yi da bargo kamar jariri."

Ranar Asabar da hantsi Alhajin, mai gidan da suke ginawa, ya zo ganin tasoshin. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na jawo buhun, na kwance. Da na ga abin da ya fito, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sun yi baƙi ƙirin, cikin zanen duk ya yi kore, ga yanar gizo, ga ƙwan kyankyaso a gindin babbar. Baƙo a gidana, kuma abin da na ajiye a gabansa ke nan. Na kai gefen zanina zan goge, ya riga ni ɗauka.

Bai ko dubi ruwan da na kawo masa ba. Ya juya tasar, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne, ya haska gindinta da fitilar waya da rana tsaka. Har sansana ta ya yi. Ya ɗauki kowacce hoto. Sannan ya faɗi kuɗin da zai biya. A raina ban ga kuɗi ba, ledojin jini na gani, a jere, na bana da na baɗi da na shekarar da ke bin ta.

Ya ce zai je ya nuna wa mai saye hotunan, ya dawo ranar Juma'a da kuɗin. Yana sa takalmi ya juyo ya ce, "Uwargida, a kula mini da su sosai."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji, za ka same su yadda kake so."

To ni dai tun ina yarinya, in aka ce mace ta kula da kwano, abu ɗaya ake nufi. Ban taɓa jin wata ma'ana ba. Kuma na ɗauka kunyata ya ji, shi ya sa bai fito fili ya ce kayanki sun yi datti ba. Sai tsoro ya kama ni: in mai sayen ya ga hoton baƙaƙen tasoshi ya ce ba ya so fa? In Alhaji ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su, ya ce matar nan ba ta ɗauki maganata da daraja ba?

Maƙwabciyata 'yar Tibi ce, lemu take sarowa daga Binuwai. Ta leƙo ta katanga ta gan ni zaune na tasa su a gaba.

"Maman yarinya, wannan kwano ne ko gawayi? Haka ka nuna wa babban mutum?"

"Haka fa, ni kunya ta gama kashe ni."

"Kai, Hausa! Jira ni." Ta dawo da lemun tsami cike da roba. "Ka haɗa da toka. In bai fita ba ka sa soson waya. Kuma in kuɗi ya zo, kar ka manta wanda ya ba ka lemu."

Kwana uku ina abu ɗaya. In gama abincin safe in zauna bakin rijiya, toka da lemun tsami, in bi zanen nan da tsinken tsintsiya, inda ya ƙi in sa soson waya. Ruwan da ke gangarowa baƙi ne da kore, har ya bar alama a siminti. Yatsuna suka saɓule, lemun na shiga yana cizo, ban damu ba. A rana ta uku suka fito jajaye suna walƙiya, ba ka iya kallonsu a rana. 'Yata ta leƙa cikin babbar ta ga hancinta ya yi faɗi, ta yi ta dariya har da tuntsurawa. Maigidana ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu kam sai dai ya ƙara kuɗi. Kar ki yarda da na farko."

Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji ya yi sallama. Na riga na jera su a kan sabon zani, daga babba zuwa ƙarama. Ya shigo da fara'arsa, ya tsaya cak.

"Ina waɗanda na gani?"

"Ai su ne, Alhaji."

Ya cire tabarau. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwar Allah, wa ya aike ki?"

"Kai ka ce a kula da su."

"Cewa na yi a kula da su! Kar su ɓata, kar yaro ya jefar, kar wani ya zo ya rigaye ni. Ban ce a yi musu wankan amarya ba!" Ya durƙusa ya ɗauki ɗaya, ya karkata ta wajen haske, ya nuna mini ƙananan layuka da soson waya ya bari, har bakin zanen ya sulɓe. "Baƙin nan shi nake saya. Shi ne shaidar sun tsufa. Har gobe ana buga irin wannan sababbi. Yanzu in na kai, wa zai yarda ba jiya aka ƙera su ba? Ni za a ce wa maƙaryaci, na nuna hoton wani abu na kawo wani."

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Alhaji, ka yi wa Allah. Yarinyar nan ba ta da lafiya. Zan mayar da baƙin."

"Da me za ki mayar?" Muryarsa ta sauka. "Shekaru ne kika wanke, ba datti ba. Ki ajiye su, kar ki sake taɓawa. Wataƙila nan da shekara talatin su yi wani abu."

Ya shafa kan 'yata, ya sa mata 'yar takardar kuɗi a hannu ta sayi alewa, ya fita. Maigidana ya bi shi har mota, ya dawo ya wuce ni ya shige ɗaki. Da ma ya yi faɗa.

Na gwada duk da haka. Na kifa ɗaya a kan murhu kwana biyar tana shan hayaƙi, na shafa mata manja na sake kifawa. Ta yi baƙi, har na fara sa rai. Maigidana ya kai ta Azuba a cikin leda. Ya ce Alhaji babban yatsa kawai ya sa ya shafa, baƙin ya biyo yatsan, ya miƙo masa ita ya ce ya gaida gida.

Bayan sati uku damina ta kankama. Wata safiya yarinyar ta ƙi tashi daga katifa. Ta riƙe gwiwarta tana wani kuka marar ƙarfi, tafin hannunta fari fat, leɓenta kamar an shafa toka. Muka tari keke-napep sai asibiti. Nas ta duba ta, aka ɗibi jini, aka dawo aka ce ya yi ƙasa sosai, yau ake so a ƙara, ba gobe ba. Jinin babanta bai zo ɗaya da nata ba, mun san wannan tun karon farko. Ni kuma ina da ƙaramin ciki, suka ce ba za su taɓa nawa ba. Ga gwaji, ga magani, ga ledar jinin.

Na bar ta da babanta na koma gida da gudu, na ɗauki buhun na nufi kasuwa. Layin masu kayan aure na fara bi. Wani ya ɗaga babbar ya ce, "Hajiya, kyau kam akwai, amma amaren yanzu kulolin abinci da tangaran suke so." Wata dillaliya ta ce in bar mata, in Allah ya kawo mai so ta kira ni. Na ce yau nake so. Ta ce to ba ita ba. Duk shagon da na fita, sai in ji kamar wayata na ƙara, in ciro in ga ba kowa, in kuma ji tsoron ta yi ƙarar da gaske.

Inda na ƙare shi ne wajen 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, bayan kasuwa. Mutumin bai dubi zanen ba. Ya manna musu maganaɗisu, bai kama ba, ya ce, "Tagulla ce mai kyau." Ya ɗora a sikeli, inda ya gama auna kawunan famfo da suka lalace. Kilo yake saye. Na ba shi uku, na lissafa a raina bai kai ba. Na ƙara ɗaya. Na ƙara ta biyar, babbar. Ina tsaye yana ƙirga mini kuɗin, abokin aikinsa ya kifa ta a ƙasa ya ɗaga guduma don ta shige buhu. Na juya baya, amma na ji ƙarar.

Da la'asar aka rataya jinin. Na zauna ina bin kowane ɗigo da ido, ina tsoron ya tsaya, ina tsoron ya yi sauri. Kafin ledar ta kai rabi leɓenta ya fara komawa kalar leɓen mutum. Ta buɗe ido ta ce kunun gyaɗa take so. Babanta ya fita da sauri nemowa, ya manta takalminsa ɗaya a ƙarƙashin gado. Kwananmu huɗu aka sallame mu. Nas ta ce mu kiyaye sanyi da sauro, kuma in tuna jinin da aka ƙara ba zama yake ba, ƙarewa yake a hankali. Na ce na sani.

Biyun da suka rage, ƙanana, na ɗora su a kan katangar ɗaki can kusa da kwanon rufi, a buɗe, inda ƙura ke samunsu. Uwar mijina ta zo daga Arikya duba jikar tata. Ta gama addu'o'inta, ta ɗaga kai ta hango su sun fara dushewa. Ta ce, "Oh ni! 'Yar nan, haka ake barin tasa?" Ta taka kujera ta sauko da ɗaya, ta nufi bakin rijiya tana tambaya ina toka.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko idonta ban cika kallo ba. Ranar nan wuyan hannunta na kama.

"Inna, don girman Allah ki bar su da dattinsu."

Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta sakar mini tasar a hankali. Da yamma na ji tana gaya wa ɗanta a zaure cewa ciwon yarinyar nan ya fara taɓa ƙwaƙwalwar matarsa, a nemo mata rubutu. Ban fita na yi bayani ba. Na taka kujera na mayar da tasar inda take, na riƙe ta da gefen zani don kar yatsuna su goge wani abu. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, na sauko na je neman safar yarinyar.