Igiyar Guga da Birkin Malam

Mun ɗan wuce Jajimaji na ga ƙafar mijina tana taka birki tana saki, tana takawa tana saki, motar kuwa ko a jikinta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na dafe cikina. Wata bakwai ne, awo za mu Gashua.

Na san abin da ke cikin birkin nan. Da safe a Nguru na ga ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya ɗura, don man ya tsiyaye.

"Malam, sabulu kuma?"

"Na yau kawai, Falmata. Kowane direba na yi."

Haka ya ce ranar da ya ɗaure salansar motar da waya. Motar ta girme ni, kuma ita ke ciyar da mu, ko da yake rabin abin da ta samo bakanike ke cinyewa.

Wallahi a lokacin ba kowa na tuna ba sai Kaka. Muna yara, bayan isha'i mukan zagaye ta a bakin murhu, tana juya kifi a kan wuta. Sai ta ce, "Ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Mu ne!"

Akwai tatsuniyar wata mata da igiyar gugarta ta tsinke, ta ƙulla. Gobe ma ta tsinke, ta ƙulla. Kowane ƙulli yana cin taƙi guda. Da a tsaye take jan ruwa, ta koma sunkuye, ta koma durƙushe, har ta kai sai ta kwanta rub da ciki a bakin rijiya.

"Sai me, Kaka?"

"Sai barci, ja'irai! Kai, Bukar, cire hannunka daga kifin nan."

Ba ta taɓa ƙarasa mana ita ba. Mu dai dariya muke wa malalaciya.

Ina ɗago kai, sai ga garken shanu a gabanmu. Malam ya karkatar da motar cikin rairayi, ta yi tsalle, ta kife gefe. Wata akori-kura ce ta kwashe mu.

Ina kwance a asibiti, cikina shiru, ba motsi, na dinga juya tatsuniyar. Matar nan ba malalaciya ba ce. Yara ke jiran ruwa a gida, yaushe za ta zauna tufkar sabuwa? Kullum tana cewa na yau kawai. Har yanzu in na rufe ido, bakin rijiyar nake gani.

Malam ya leƙo da bandeji a goshi. "Bakanike ya ce jibi motar za ta tashi."

Na juya masa baya.

Ungozoma ta daɗe tana yawo da abin saurare a kan cikina. Ana kiran la'asar ta ɗago.

"Ga zuciyarsa nan tana bugawa, 'yata. Ke da shi lafiya lau."

Sai a lokacin na saki ƙarfen gadon.