Matakalar Kaka Zisel

Telolin Yahudawa da suka zo New York daga ƙauyen su Kaka Zisel ba su da ƙarfin gina majami'a. Wani tsohon gida suka samu, siriri, matse tsakanin shagon mahauci da na mai gyaran takalma. Maza suka ɗauki ƙasa, inda ake ajiye Attaura, mata kuwa aka yi musu ɗan bene a sama, kamar yadda aka saba can gida. Mijin Zisel, Fishel, kafinta, shi ya haɗa matakalar, kuma saboda ƙarancin wuri ta fito a miƙe kamar tsani.

Zisel ta hau ta da ciki, ta hau ta da jariri a hannu. Da tsufa ya zo, gwiwa ta ƙi, ta koma yin addu'arta a gida.

Sai ga auren jikanta Hershel, marayan da ya tashi a hannunta. Asabar ɗin da ke kafin biki akan kira ango ya yi karatun Attaura, mata su yi masa ruwan alewa da zabibi daga sama. Zisel ta rantse da hannunta za ta jefa.

"Tsohuwa, bari samari su ɗauke ki a kujera," in ji Fishel.

"Ni buhun dankali ce? Da ka iya aikinka, da ba mu zo nan ba."

"Inuwar bangon ma sai da muka auna! Ina zan samo miki fili?"

"Yi mini shiru, kafintan akurki."

Da sassafe, kafin kowa ya iso, ta zauna a matakin farko, ta ba sama baya. Ta dafa, ta ja jiki, ta huta, ƙullin alewa a cinyarta. Fishel na tsaye a ƙasa, ya kasa kallo, ya kasa tafiya. Matan da suka fara zuwa suka tarar da ita a rabin hanya, ta jiƙe da gumi. Babu wadda ta wuce ta. Suka jeru a ƙasa suna jira.

Da Hershel ya gama karatu ta jefa. Hannu ba ƙarfi, alewar ta zube kan hulunan sahun baya. Amma ango ya ɗaga kai, ya gan ta, ya rufe fuska da mayafin addu'arsa.

Ba ta sake hawa benen ba. Ranar dai, da aka tashi, ta leƙa ƙasa ta ce, "Fishel, ina samarin naka? Su kawo kujerar."