Tarin da 'yata ta haɗiye

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da madam ta sosiyal, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta zo duba gidana a Chétimari.

Lokacin mun rabu da matata, muna jayayya a jastis ta Diffa kan 'yarmu mai shekara shida. Juji ya yanke hukuncin wucin gadi: yarinya ta zauna wurin uwarta wata uku, ni in ɗauke ta Asabar da Lahadi, a aiko ma'aikaciya ta ga gidajenmu biyu kafin a yanke na ƙarshe. Abin ya ƙona mini rai. Ni da nake da lambu a bakin Komadugu, a ce ɗakin hayar uwarta a Diffa ya fi gidana?

Sai na shirya burga. Kakar tattasai ce, na kwaso busasshe da ɗanye na shanya a tsakar gida, bisa rufi, har bakin zaure, don madam ta ga arziki da idonta. Har yau in na lumshe ido ina ganin safiyar nan kamar a mafarki: gida ya yi ja wur, kogi na ƙyalli can nesa, iska na kaɗa ƙurar tattasai a hankali, 'yata cikin farar riga tana tafiya a tsakiya kamar ba ta taka ƙasa.

Madam na rubutu, ni ina ta zuba. Can na waiwaya, na ga yarinyar ta raɓe bayan buhuna, ta cusa gefen hijabi a baki, kafaɗunta na rawa, idonta na zubar da ruwa. Tari take haɗiyewa.

Na durƙusa na ce, "Uwata, mene ne?"

Da ƙyar ta ce, "Baba, in na yi tari madam za ta rubuta, a hana ni zuwa wurinka."

Ƙirjinta na kuka kamar usur. Madam ta ajiye biro ta ce, "Malam, ba ka san tana da fuka ba? Uwarta ta nuna mini maganinta." Wallahi ban sani ba. Na san kowace cutar da ke kama tattasai, ban san ta 'yata ba. Kunya da tausayi suka rufe ni, na yi kuka a gaban baƙuwa.

Na ɗauke ta zuwa bakin kogi har numfashinta ya dawo. Da muka koma na ce, "Madam, ki rubuta da bakina, ta zauna wurin uwarta. Ni zan riƙa zuwa Diffa."

Na shiga shari'ar nan don in ci, ashe yarinya ce ke biyan kuɗin nasarata da numfashinta. Tun ranar na gane cewa duk uban da ɗansa ke ɓoye ciwo don kare shi, ya riga ya faɗi shari'a, ko me juji ya rubuta.