Ciyawar Tsakar Gidan Ɗantani

Faɗa ɗaya na taɓa yi da Ɗantani, ɗan yayana, kuma a kan ciyawa ne. Na daɗe a Kiru wajen jinyar ƙanwata. Da na dawo Tudun Wada na leƙa gidansa, sai na tarar da tsakar gida kore shar, shi kuma yana tsugune yana yayyafa mata ruwa da gwangwani.

"Kai Ɗantani, watsewa kuka yi daga gidan nan, ko fartanya ce ta yi tsada?"

"Sannu da hanya, Gwaggo. Ai shuka ta na yi."

"Mutane na shuka dawa, kai kana shuka abincin jaki? Gobe macizai su zo su kama haya, maƙwabta kuma su ce matarka ƙazama ce."

Ya kira 'yarsa Khairiyya, ya ɗaga ɗankwalinta, ya nuna mini sabon ɗinki a goshinta. Na san yarinyar na da farfaɗiya, amma ban san abin ya kai haka ba. Ƙasarmu ja ce mai tsakuwa, in rani ya yi kamar daɓe take komawa.

"In ciwon zai kayar da ita ba ya sallama, Gwaggo. Gara ta faɗi a kan abu mai laushi."

Duk da haka sai da na ƙarasa faɗana, tunda na riga na ɗauko shi.

Ɗantani tun yana ƙarami mai zullumi ne. In hadari ya haɗu, yara na murna, shi yana leƙen rufin ɗaki. Da ya tasa ya sami aikin lambu a otal ɗin nan na bakin tafkin Bagauda, yana aske ciyawa da langalanga don baƙi su zauna su sha iska. Da aikin ya ƙare ya dawo gida ya kama noman masara, ya auri Zubaida 'yar Ɗansoshiya. Abin da ya taho da shi daga Bagauda bai wuce langalangar nan da ciwon baya ba.

Khairiyya na shan maganin asibiti, yana rage ciwon, bai kore shi ba. Shi ya sa uban ya koma wa tsohuwar sana'arsa. Da fari irin ciyawar otal ya nemo, mai faffaɗan ganye. Waccan 'yar gata ce, ta saba da tafki a gindinta. Rijiyar gidan na ja da baya ciyawar ta yi ja, gara ta ƙarasa saura. Sai wata rana ya kai wa wani makiyayi mai suna Bature dusa a rugarsu, ya ga ciyawar kiri-kiri a bakin mashaya, shanu na tattaka ta safe da yamma, ita ko a jikinta. Kiri-kiri fa, wadda uwata ta mutu tana tsine mata a gona! Ita ya sassaro da ƙasarta, ya loda a kura, ya turo gida.

Yadda yake lallashin ciyawar nan, ko jinjiri albarka. Ya tsince tsakuwa, ya gauraya ƙasar da yashi da busasshen takin shanu. Toka yake barbaɗawa gefe saboda gara. Ya hana a zuba mata ruwan sabulu, amma na alwala da na wankin hatsi duk a bokiti ake tara mata, ya ba ta da sassafe kafin rana ta shanye. Ba ya barin ta wuce tsayin ɗan yatsa, ya kuma bar jikin katanga fayau don kada wani abu ya sami maɓoya. A nan kam na san maganata ce ta yi aiki, ko da bai faɗa ba. Yarinya ta riƙa wasanta a waje. In ta faɗi, a juya ta gefe, ta farfaɗo da ganye a gashi, babu jini.

Bana da bazara Zubaida ta haihu. Jajibirin suna Ɗantani ya tafi kasuwa sayen rago, ni kuma na ja Khairiyya gidana don a yi mata kitso ba hayaniya. A bayanmu dangin Zubaida suka iso daga Ɗansoshiya, mota guda, Inna Tasalla yayar uwarta ce a gaba. Mai jego na ɗaki tana barcin gajiyar wanka. Suka ga ciyawa, tausayi ya kama su. Ga 'yarsu kwance ba ta iya shara, ga miji ya bar gida ya zama kango, ga baƙi gobe. Suka aro fartanyu a maƙwabta. Kafin la'asar sun nome ta tas, sun share, sun cinna wa tarin wuta, sun kafa murhu uku a tsakiya.

Tare muka shiga, ni da yarinya a hannu, shi da igiyar rago.

"Ango, ka ga gidanka ya fito?" in ji Tasalla, tana sharce gumi. "Da ka aiko tuntuni ai da mun zo."

Na buɗe baki, don maganar da zan yaɓa mata ta riga ta iso harshena, sai na ji ya kama bakin mayafina. Surukai ne, kuma alheri suka yi nufi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Sai bayan sallar magariba Zubaida ta yi musu bayani. Suka yi ta salati, Tasalla har da hawaye. Hawaye kuwa ba ya tsirar da ciyawa.

Saiwar na nan a ƙasa, shi ma ya sani. Amma saiwa ruwa take so, rijiya ta koma taɓo, damina kuma ba alamarta. Ya shiga jigilar jarkoki daga rafi da wannan bayan nasa. Ya shimfiɗa buhuna da tsofaffin tabarmi, iska ta kwashe. Aka tsare Khairiyya a ɗaki kan katifa, ga zafi, tana kuka tana jin muryar yara a waje. Ko murfin tukunya ya faɗi, sai ka ga Ɗantani ya zabura a guje. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ƙyar tsiro ya fara leƙowa nan da can, ban da gurbin murhu, inda wuta ta gasa ƙasar ta zama dutse.

A nan ɗin Khairiyya ta faɗi, ranar da ta sulale waje bin 'yar kaza. Ƙeyarta ce ta bugu. A asibitin garinmu suka ɗaure kan, suka ce a wuce Kano a ɗauki hoto, don tana ta amai. Suna can har yanzu. Kullum sai na sa a kira mini waya, kullum a ce da sauƙi, ni kuwa na san irin sauƙin da ake faɗa wa tsofaffi.

Da za su tafi na raka su bakin titi. Yarinyar na kwance a kafaɗarsa, direba na ta hon, shi kuma ya kasa shiga mota.

"Gwaggo, in aka bar ciyawar nan da rana tsiron ƙonewa zai yi. Yarinyar ta dawo ta tarar da me? Gurbin murhun ma so nake a fasa shi a zuba yashi, amma Zubaida jego take..."

Na ce, "Shiga mota, ɗan nan, kana ɓata wa mutane lokaci. Gobe zan aika Ɗansoshiya. Matan da suka iya fartanya ai sun iya tulu, kuma ni ba surukaina ba ne. Kai dai ka tallafe mata kai a hanya, kada ka bari ya bugi ƙarfe."