Bijimi da Jirgi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Sabon Birni ya san Maliki, ko da bai san sunansa ba, don tun kafin a hango shi ake jiyo mashin ɗinsa. Gurnani yake yi daga can ƙasa, dum-dum-dum, har awaki su bar hanya ba a kore su ba. Ƙaton mashin ne baƙi mai gajeriyar kujera da faffaɗan tanki, irin wanda ake hawa don yawon jin daɗi a ƙasashen da ba a san dako ba. Ya sha duniya kafin ya faɗo Maraɗi cikin kayan gwanjo. Mutane suka sa masa suna Bijimi, kuma ya ci sunan.

Maliki ɗan wani ƙauye ne a bayan Gangara, ƙetaren fadama. Gidansu manoma ne kaka da kakanni, amma shi gona ba ta riƙe shi ba. Da jakin babansa ya fara dako, ya koma ƙaramin mashin, daga ƙarshe Allah ya haɗa shi da Bijimi. Yakan ɗaure buhunan gero da dawa har sai an daina ganin bayansa, ya nufi Nijar, ya dawo da dabino da taliya na 'yan kasuwa. Mutum ne mai nauyin baki da nauyin jiki. In ka yi masa tambaya sai ya tauna goro tukuna, har ka manta ka tambaya, sannan amsa ta iso.

Abu ɗaya ne ke kwance masa harshe, shi ne gardama da amininsa Is'haƙa, mutumin Kamarawa. Rana ɗaya suka sayi mashinansu wurin dillali ɗaya. Is'haƙa ya zaɓi wani dogo fari mai gilashi a gaba da akwatuna a gefe, na doguwar tafiya, don dillalin ya ce masa ƙarfin dawaki ɗari ne a cikinsa, Bijimi kuwa bai kai rabin haka ba. Na Is'haƙan aka sa wa suna Jirgi. Is'haƙa ba ya ɗaukar buhu, sai mutane masu sauri, kuma a bakin kwalta yake wuni yana jiran su.

"Dawaki ɗari ag gare ni," in ji Is'haƙa kullum a rumfar mai shayi. "Kai mi ag gare ka? Sa guda!"

"To ina dawakin suke zuwa in ka shiga rairayi?" Maliki ya amsa. "Ni ban taɓa ganin ko guda ya hito ya tura ka ba."

Gaskiyar magana kowa na da tasa. Ƙarfin Bijimi a ƙasa yake. Da ka saki kuloci zai ɗaga kaya da kai da laka gaba ɗaya, ba ihu ba kuka, amma in ya hau kwalta sai ya yi ta tafiyarsa ta dattawa. Maliki ma ya ƙara masa, ya sa masa babban farantin sarƙa a tayar baya, ja ya ƙaru, gudu ya ragu. Shi kuwa Jirgi a ƙasa rago ne. Sai an murɗa totur injin ya yi ƙara kamar zai tsage, sannan ƙarfinsa ke farkawa, daga nan kuma ba mai ganin ƙurarsa. Shekara da shekaru suna wannan musu, suna cin tuwo kwano ɗaya, amma girman kai bai bar ɗayansu ya ɗora ƙafa kan mashin ɗin ɗan'uwansa ba ko sau ɗaya. Abin dariya ne a lokacin, kowa ma dariya yake yi.

Zulaiha matar Maliki ta fi kowa dariyar. Mace ce mai fara'a, ta haifa masa 'ya'ya mata huɗu, kuma ita kaɗai ke iya tsokanarsa ya yi murmushi. Takan ce da Bijimi na cin tuwo, da shi za a fara zuba wa kafin maigida. Sai dai duk fara'arta, tana jin kunyar Is'haƙa irin kunyar da matan wurin ke yi wa aminin miji. Daga bayan zana take gaishe shi, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, motoci suka daina shiga ƙauyukan bayan fadama, ma'aikatan ƙaramin ɗakin shan magani suka tattara suka bar wurin. Mashin ya zama shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. A cikin wannan hali Zulaiha ta samu ciki bayan an ɗauka ta gama haihuwa.

Da damina ta haihu, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Namiji ne, lafiyarsa lau. Amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi iya saninta, ta jiƙa wannan ta shafa wancan, daga ƙarshe ta fito ta ce wa Maliki abin ya fi ƙarfinta. Ya buga wa Is'haƙa waya ya ce ya jira shi a bakin kwalta. Aka zaunar da Zulaiha a bayansa, aka ɗaure ta da zane a jikinsa yadda ake yi wa mara lafiya, yayarsa Tani ta hau can baya ta tallafe ta.

A fadamar nan Bijimi ya yi abin da aka san shi da shi. Laka har gwiwa, mutum uku a kansa, bai tsaya ba, bai ko yi tari ba. Inda wani mashin zai nutse ya jira a zo a ciro shi, shi ya ratsa yana gurnani har suka hau tudu. Zulaiha na numfashi a wuyan Maliki, yana jin ɗuminsa.

Is'haƙa na tsaye da Jirgi a kunne. Ya dubi zanen da ya jiƙe, fuskarsa ta canja.

"Kwance ta, Maliki, a ɗaura min ita. Yanzun nan za ni kai ta."

Tani ta yi caraf. "A ɗaura ta bayan wa? Matar aure da jinin biƙi, ga mijinta da rai? Wanga ba a taɓa yin shi ba garinmu."

Zulaiha ba ta iya magana ba, amma ta ƙara damƙe rigar mijinta. Maliki ya ji damƙar, ya sunkuyar da kai. Shi ma abin ya yi masa nauyi, ba sai an faɗa ba.

"To hau Jirgi kai da kanka," Is'haƙa ya ce. "Amma ji nan da kyau. Kak ka sauya giya sai ya yi kuka. Bar shi shi yi ihu, can ƙarhinai yake. Ka ji ni?"

Aka ɗaga su tare kamar yadda suke a ɗaure, aka ɗora kan Jirgi, Tani ta hau baya. Maliki ya saki kuloci yadda ya saba, a hankali, mashin ya mutu. Aka tayar, ya sake mutuwa. Da ƙyar suka ɗaga.

Maliki ya ji abin da Is'haƙa ya faɗa, ya kuma yarda da shi. Hannunsa da ƙafarsa ne ba su yarda ba. Tsawon rayuwarsa, in injin ya yi ihu to ya kusa fashewa ne, kuma mutumin kirki ba ya barin injinsa ya yi ihu. Da ƙarar ta fara hawa sai ƙafarsa ta danna giya da kanta, Jirgi ya shaƙe, ya koma jan jiki. In ya daure ya murɗa, mashin ya zabura, Tani ta ƙwalla salati, tsoro ya kama shi kada ya zubar da su a kwalta, sai ya sassauta. Can ya waiga ya ga abin da ya kashe masa jiki: Is'haƙa ne a kan Bijimi, kafaɗa da kafaɗa da shi, Jirgi bai bar shi baya ba ko taku ɗaya, yana ta ihu, "Murɗa! Don Allah murɗa!"

Garin Sabon Birni na gabansu ana hango rufin kwano lokacin da ya daina jin ɗumin nan a wuyansa. Bai tsaya ba. Ya kai ta har ƙofar asibiti, ma'aikata suka fito da gudu, suka duba, suka yi masa ta'aziyya.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma Maliki bai musa ba, mutum ne mai imani. Tani ta ɗauki jaririn. Bayan an share makoki ya koma dako, don yara na son abinci. Amma baƙin ciki ya zauna masa a ƙirji, ya rame, ya daina zama rumfar mai shayi. In sun haɗu da Is'haƙa sai gaisuwa, kowa ya kau da ido.

Sai bayan an yanke gero ya je bakin kwalta wurin Is'haƙa wata rana da rana tsaka, a ƙasa, ba Bijimi.

"Ɗauke ni," ya ce. "Kai ni asibitin, yadda za ka kai ta da an ba ka ita."

Is'haƙa ya roƙe shi ya bar maganar. Ya ƙi. Suka hau, suka kama hanya, Is'haƙa na tafiya sannu-sannu yana sauya giya da wuri, yana cewa ai ka gani, hanyar ce ta lalace, ko shi ba zai wuce haka ba. Maliki ya dafa kafaɗarsa.

"Ina jin ƙahwarka, Is'haƙa. Kak ka yi min ƙarya. Buɗe shi."

Is'haƙa ya buɗe shi, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa. Injin ya yi ihun nan da Maliki ya kasa bari ya yi, gonaki suka riƙa wucewa ba a rarrabe su, iska ta hana shi buɗe ido. Kafin ya gama gyara zama, sai ya ji birki.

Maliki ya sauka a ƙofar asibitin. Ya juya ya daɗe yana duban hanyar da suka biyo.

"Ashe kusa na," ya ce.