Fitila Mai Ido

Har gobe ban manta da damanar da aka kawo mana fitilar famfo a matanite, wato ɗakin haihuwa, ta Filinge ba, kafin Faransa ta tafi. Ni ce 'yar aikin ɗaki: in share, in dafa ruwa, in riƙe mai naƙuda. Shugabarmu Madam ce, ungozoma mai karatun Dakar. Kumandan, Baturen mulki, ya aiko cewa in mata ba sa zuwa haihuwa, za a rufe ɗakin. Ni kuwa da aikin nan nake ciyar da yarana.

Madam ta rataye fitilar daidai saman gado, ta ce yau wayewa ta iso ƙasarmu ta Kurfai. Ta iso kam. Har masu ɗan leƙowa suka ɗauke ƙafa.

Ku yaran yanzu ba ku sani ba, a wurinmu mai naƙuda ba ta bari a ga fuskarta ta yamutse. A gida bayan randa ake ajiye aci-balbal. Ranar kasuwa na tambayi Inna Hajo, tsohuwar unguwarmu, ta ce, "Ɗiyata, fitilarku ido gare ta. Ko leɓe mace ta cije sai an gani."

Na gaya wa Madam. Ta ce duhun kai ne, ta aike ni gida-gida in yi bayanin amfanin haske. Na je. Ko'ina an ba ni fura, an raka ni da godiya, ba wadda ta zo.

Wata rana bayan ruwa, da magariba, aka kawo matar wani makiyayi a kan jaki. Muna kunna fitila shinge, garar nan mai fiffike, suka cika ɗaki, suna faɗawa kan gado, har cikin kwanon Madam. Da fushi Madam ta sauke fitilar, ta tura bayan kabad, jikin bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Haske ya hau bango ya dawo a hankali. Muna ganin aikinmu, fuskar matar kuma na cikin inuwa. Ta haihu lafiya. Saboda ƙwari aka bar fitilar nan.

Labari ya kai har garin Bonkuku cewa mun sayi sabuwar fitila mai kunya. Ɗaki ya cika. Madam ta shaida wa kumandan bayani ne ya yi aiki. Ni da ke goge gilashin nan guda kullum, na san fitilar jiya ce, amma kowa ya faɗi tasa sai in ce haka ne.

Abin da na koya: mutanenmu suna son haske, a zura musu ido ne ba sa so. Kuma a aikin gwamnati, ba wanda ya gyara ake gode wa ba. Shingen nan, ni na share su na soya wa yara.